Noman Da Na Yi Wa Tsoho A Japan

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen garinmu ba za su bar ni ba, da wani aikin alheri da na yi wa wani dattijo a ƙasar Japan. Na ce aikin alheri ne domin da wannan niyyar na yi shi, Allah ne shaidata. Abin da ya biyo baya kuwa, har yau in ya faɗo mini ina tsakiyar gona sai na ajiye fartanya na ɗan zauna tukuna.

Na san tambayar da ke bakinka: me ya kai irina Japan? Ni ma na sha yi wa kaina ita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Zakirai. Bokona aji huɗu ne na firamare, shi ma rabinsa a gona na yi shi. Abin da na iya bayan noma shi ne gyaran injin ban-ruwa, don duk wanda nasa ya ƙi tashi a fadamarmu ƙofar gidana yake kawo shi. To sai wata ƙungiya ta zo tana neman manoman da za a kai Japan su koyi aiki da ƙananan injinan noma da gyaransu. Suka ce su ba mai takarda suke nema ba, mai kanta a tafin hannu suke so. Aka duba hannuwa, nawa ya ci. (Da kai aka duba, da ina gida lafiya lau.)

Amma akwai sharaɗi. Kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya ta injin, sai ka yi watanni a makarantar koyon Japananci, irin wadda ake ɗura wa mutum yare safe da yamma. A ƙarshe a yi jarrabawa. Wanda ya ci ya wuce wurin injina, wanda ya faɗi a saka shi a jirgi ya koma inda ya fito. Ni kuwa ranar da zan tafi gari guda ne ya rako ni bakin mota, liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, ƙungiyar manomanmu ta riga ta share rumfar da za a ajiye injin da za a ba mu in na dawo. Ka ga in na dawo da jakata kawai da labarin sanyi, ban san da wane ido zan kalli mutane ba.

Mu biyu muka tafi daga yankinmu. Ɗayan shi ne Malam Iliya, malamin gona ne daga wajen Kunci, Kirista, sa'ana a shekaru, mai Turanci a baki da tsokana a ciki. Tun a filin jirgi ya laƙaba mini Sarkin Noma, bai kuma sake kirana da sunan da ubana ya raɗa mini ba.

Makarantar nan, jama'a, ban taɓa shan wuya irin tata ba, kuma ni na yi noman rani da azumi a baki. Mutanen nan rubutu iri uku gare su, kuma duka ukun suke cusawa a layi ɗaya. Wani harafin in ka kalle shi sai ka rantse kaza ce ta yi tono. 'Yan ajinmu duk yara ne daga Biyetnam da Nefal, sa'o'in 'ya'yan cikina, malama na faɗa suna cafkewa. Ni kuwa in ta juyo kaina tana murmushi sai in sunkuyar da kai. Duk mako ana gwaji, duk mako takardata na dawowa ja wur da gyara, kamar a kanta aka yanka zakara. Malam Iliya yakan ɗaga ta sama ya ce, "Sarkin Noma, wannan ai barkono ka shanya."

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya ba, shi ne mai makarantar. Tsoho ne siriri, kansa fari fat, ya gaji makarantar daga mahaifinsa. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya amsa. Da ya lura ina nutsewa, sai ya riƙa kirana bayan an tashi, mu zauna a barandar bayan ofishinsa. Ya zuba mini shayinsu (koren ruwa ne ba sukari ba madara, kamar an dafa zogale an zubar da zogalen), ya ɗauko takarda ya riƙa bi da ni harafi bayan harafi. In na yi kuskure sau goma, sau goma zai maimaita, muryarsa ba ta taɓa tashi ba. Ban biya shi ba, bai kuma nema ba. Abin ya tsaya mini a rai, don ni ba a saba yi mini alheri in zauna ina kallo ba.

To barandar nan tana fuskantar wani fili ne a tsakar makarantar. Fili mai kyau, an kewaye shi da katanga, ga famfo a gefe, ƙasa baƙa mai laima, irin wadda in ka damƙa take dunƙulewa a hannu. Amma an bar shi ya lalace. Gansakuka ta rufe shi ruf, kore shar, irin wadda ke fitowa a gindin randa da bakin rijiya. Ga manyan duwatsu a warwatse nan da can, ko tsince su ba a yi ba. Gefe guda kuma an zube farar tsakuwa, na ɗauka gini aka fara kuɗi suka ƙare.

Kai da ba manomi ba, ba lalle ka gane abin da na ji ba. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa. Gona ɗaya ake rabawa tsakanin 'yan'uwa har ta koma kamar tabarma. Bayan katanga muna shuka, bakin hanya muna shuka, ɗan lungun da ke tsakanin rumbu da bango ma sai mace ta jefa masa rama. Ban taɓa ganin fili mai ruwa a kusa an bar shi ya huta ba. Ina zaune Baba na koya mini harafi, ni kuwa idona na kan filin, ina lissafin inda kuɓewa za ta zauna da inda albasa za ta zauna.

Abin da ya ƙara karya mini zuciya shi ne kullum da safe sai in ga Baba ya tsuguna a cikin filin, riƙe da ɗan hantsaki irin na cire ƙaya, yana tsintar wani abu ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a kwano. Ya daɗe a tsugune, in zai miƙe sai ya dafa gwiwa. Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah yana son ya gyara gonarsa, ƙarfi ya ƙare, kuma da wannan hantsakin ko shekara ɗari zai yi ba zai gama ba.

Na ce wa Malam Iliya, "Wai tsohon nan ba shi da 'ya'ya maza ne?"

Ya ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Dubi filinsa. Ga yara cike da makaranta, ƙarti majiya ƙarfi, ba mai kunyar da zai karɓe shi."

Ya ce, "Sarkin Noma, ka bar gonar mutane ka riƙe karatunka. Jibi akwai gwaji." Ya juya ya ci gaba da cin shinkafarsa da tsinke. Shi a zatonsa hira nake yi.

Ni kuwa na riga na ƙulla. A garinmu ɗalibi yana yi wa malaminsa noma, haka muka taso muka gani. Kuma ba a zuwa a ce, "Malam, gobe zan nome maka gona." Wannan neman suna ne. Sammako ake yi a gama, malam ya fito ya tarar, ya sa albarka, shi ke nan. Bakina ya kasa yi wa Baba godiya da yarensu, to hannuna ai bai mutu ba.

Allah ya kawo wani dogon hutu da suke yi in sanyi ya wuce. Baba ya tafi wani gari wurin 'yarsa. Malam Iliya ya bi mutanen cocinsu zuwa birni. Yara duk suka watse yawon buɗe ido. Makaranta ta rage daga ni sai tsuntsaye. Na yi sallar asuba, na buɗe ɗakin da muke ajiye tsintsiya (a can ɗalibai ne ke share makaranta), na sami shebur da manjagara da baro. Fartanya ce babu, na ce ba komai.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Gansakukar nan ina sa mata shebur sai ta riƙa ɗagowa falle-falle kamar darduma. Na loda a baro na kai bayan banɗaki na jibge. Duwatsun na mirgina su ɗaya bayan ɗaya na jera a gindin katanga. Akwai wani babba da ya kusa kashe ni, ashe abin da ke sama kaɗan ne, sauran duk yana binne. Sai da na samo wani ƙarfe na ƙwaƙulo shi, ina yi ina cewa wanda ya bar dutsen nan a tsakiyar gona bai san noma ba. Tsakuwar na tattara ta wuri ɗaya na yi mata tsibi mai kyau, ko za a ci gaba da ginin. Washegari na yi kaftu, na yi huɗa, layuka miƙaƙƙu kamar an ja zare. Na je kanti na sayo irin kuɓewa, ban iya karanta rubutun ba amma ga hotonta a jikin leda. Na shuka, na ba da ruwa. Baƙin cikina ɗaya a lokacin shi ne rashin taki.

Na tsaya a baranda na kalli aikina, gumi na zuba. Tun da na sauka a ƙasar, ranar ce na fara jin ni ma mutum ne.

Ranar da aka koma makaranta na sa kaftanina mai kyau, na kafa hula, na tsaya can gefe kamar ban san komai ba. Malamarmu ce ta fara shigowa. Ta zo wucewa ta baranda, ta waiga, ta tsaya cak. Jakar littattafanta ta faɗi ƙasa. Ta toshe baki da hannu biyu, wani ɗan sauti ya fito mata kamar na ɗan akuya. Na ce a raina, murna ce, mutanen nan ba su saba ganin alheri irin wannan ba. Har na ɗan rusuna mata.

Yara suka fara taruwa. Yaran da kullum surutunsu ke hana mu sakat, ranar ko tari babu. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. A nan jikina ya fara ba ni wani abu, don na san shirun murna, na kuma san shirun gidan mutuwa, wannan kuwa ya fi kama da na biyun.

Sai ga Malam Iliya. Ya kutsa ya leƙa, ya juyo a hankali yana neman fuskata.

"Sarkin Noma. Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, ba gayya."

Malam Iliya Kirista ne, amma ranar da kunnena na ji shi ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin in tambaye shi dalili, yara suka dare, Baba ya shigo riƙe da 'yar ledar tsaraba. Ya tsaya a bakin baranda. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake cirewa. Ya sauka cikin filin, ya taka a hankali tsakanin layukana har inda babban dutsen nan yake a da, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya daɗe a haka. Sannan ya dawo ya zauna a bakin baranda kamar wanda aka zare wa laka.

Bayanin sai da ya bi ta baki uku kafin ya iso ni. Baba ya faɗa wa Malama da Japananci, Malama ta faɗa wa Malam Iliya da Turanci, Malam Iliya ya sauke mini da Hausa, kuma bai rage komai ba.

"Ya ce mahaifinsa ne ya dasa gansakukar nan da hannunsa."

Na ce, "Ya dasa? Gansakuka ake dasawa?"

"Ya ce ta girme ka. Duwatsun kuma daga kogin garinsu aka ɗauko su, kowanne an zaɓi inda zai zauna. Tsakuwar ba ta gini ba ce, ado ce. Ya ce daga wasu garuruwa mutane ke zuwa kallon wurin nan."

"Kallon me?"

"Kallon abin da ka kwashe."

Na ce, "To hantsakin fa? Kullum ina ganinsa yana fama, yana cirewa."

Malam Iliya ya kalle ni kamar zai yi kuka. Ya ce, "Ciyawa yake cire mata, Sarkin Noma. Gansakukar ita ce shukar."

Na yi ƙoƙarin in kwatanta abin a kaina: a ce na yi tafiya, baƙon da nake ciyarwa ya tashi da sassafe ya sare mangwaron da ubana ya dasa, ya share wurin tas, ya sa kaftani ya tsaya yana jiran in sa masa albarka.

Ina cikin wannan sai Baba ya miƙe, ya zo gabana, ya sunkuya har kansa ya kusa kai gwiwa. Ya yi magana a hankali. Na ce wa Malam Iliya, "Zagina yake yi?" Na so a ce zagin ne.

Ya ce, "Haƙuri yake ba ka. Wai laifinsa ne, kullum kuna zaune a gaban lambun bai taɓa yi maka bayaninsa ba."

Da Baba ya ɗauki shebur ɗin ya maka mini a ka, da ya fi mini sauƙi. Na cire hula, na zube a ƙasa a gaban yaran nan duka, da kaftanina mai kyau, ina cewa, "Baba ka yi mini rai, Baba ka yafe mini, wallahi ban sani ba." Da Hausa. Ɗan Japanancin da aka yi watanni ana ɗura mini, ko kalma ɗaya ban samu ba.

Da rana jami'in ƙungiyar da ta kawo mu ya iso daga birni, fuskarsa a murtuke. Suka shiga ofis da Baba da Malama da Malam Iliya, ni aka bar ni a kan benci a waje. Na san maganar jirgi ake yi, don na ga jami'in ya fito ya yi waya ya koma. Na zauna ina tunanin rumfar da aka share a garinmu. A ce ma jarrabawa na faɗi, da da sauƙi, kowa ya san kaina. Amma a ce an koro ni saboda noma?

Da Malam Iliya ya fito sai ya zauna kusa da ni ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ya yi musu bayanin yadda ɗalibi ke yi wa malaminsa noma a wajenmu, da yadda ba a faɗa sai dai a tarar. Jami'in ya ce wannan ba hujja ba ce. Baba kuwa sai ya tambaya, ina mutumin ya zubar da gansakukar?

Muka ɗunguma bayan banɗaki. Ga ta nan a jibge inda rana ba ta kaiwa. Baba ya tsuguna ya ɗaga falle ɗaya, ya shafa, ya sa a hanci. Ta sama ta bushe, ta ƙasa da sauran rai. A nan ya yanke hukunci: ba inda za ni, jarrabawa na nan yadda take, amma kullum kafin a shiga aji zan zo in mayar da komai inda na same shi.

Farkon abin da aka sa ni shi ne in baje huɗata da hannuna. A lokacin kuɓewar har ta fara tsiro, 'yan ganye biyu-biyu, gwanin sha'awa. Na tuge su ina kau da kai. Sai duwatsu. Ashe kowane dutse yana da fuska da ƙeya (ni dai har yau ban ga bambancin ba). Dutse ɗaya sai mu ci safiya guda a kansa. Baba na tsaye a baranda, ba tafinta, yana ba da umarni da yarensu: dama, hagu, a hankali, tsaya, a'a, sake. In na ce ya zauna, sai ya karkata kai ya ce sake. Sannan gansakuka, falle-falle, in shimfiɗa in danna da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, in yayyafa ruwa. Ni, da furfurata, ina ba gansakuka ruwa.

Fiye da rabinta ta mutu. Wurin ya koma kamar kan mai ƙyasfi. Wata safiya na haɗa 'yan kalmomina na tambaye shi yaushe za ta koma yadda take. Ya yi murmushi, ya nuna kansa ya girgiza kai, ya nuna yaran da ke shiga aji. Na gane, ba a rayuwarsa ba, sai dai a zamanin yaran. Ba da fushi ya faɗa ba, kuma wannan ne ya hana ni cin abinci ranar.

Jarrabawa ta zo. A rubutu da ƙyar na sha. A ta baki kuwa, da aka zo wurin kwatancen hanya, dama da hagu da tsaya da sake, sai na ji abin na fita da kansa. Da aka zo wurin ba da haƙuri, duk ajin ba wanda ya kama ƙafata, don na yi makonni ina ba da shi ga duk wanda na haɗu da shi, har mai kawo wasiƙu. Malama ta ce na tsallake, amma ni ne na ƙarshe, bayana sai bango. Na wuce wurin injina, na koyi abin da aka aike ni, na dawo gida.

Abin da ban sani ba shi ne Malam Iliya ya ɗauke ni a waya ina durƙushe ina danna gansakuka, ya tura wa wani abokinsa a Kunci, wai don ya yi dariya shi kaɗai. Hoton ya riga ni isowa garinmu da wata guda. Ina sauka daga mota, ban ko ajiye jaka ba, wani ƙanin mahaifina ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Mun ga aikin da ka koyo. Gindin randar gidana ya yi kore shar, yaushe za ka zo girbi?"

Injin yana nan yana aiki, ba mai maganarsa. Gansakuka kuwa ko yaro aka aiko gidana sai ya tambaye ni ko ana sa mata taki.

Abin da na koya dai shi ne, alheri ma sai da sallama. Yanzu ko ciyawa na gani ta kai gwiwa a gonar maƙwabci, hannuna na ƙaiƙayi, sai in tura shi cikin aljihu in je in buga masa ƙofa in ce, "Maigida, wannan da ke gonarka, fitowa ta yi ko kai ka shuka?"